Tiyar Hatsi a Watan Agusta: Ƙaramin Alherin da Ke Riƙe Gidajen Adar

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san abin da ke biyo bayan kaka. Da zarar an ɗaure dammunan hatsi an jera a rumbu, sai tashoshin motar Tawa su cika da maza masu tafiya cin rani: wasu Abijan, wasu Kano da Legas, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. A Barmu da maƙwabtanta irin su Kalfu da Afala da Takanamat, ƙauyuka da dama kan koma na mata da yara da tsofaffi har ruwa ya faɗi. Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka ya ɗauke, kuma abin da gona ta bayar sau da yawa ba ya kai gida ga wata kaka. Kuɗin da 'yan cin rani ke aikowa suna toshe ɓaraka mai yawa, haka ma tallafin gwamnati da na ƙungiyoyi. Amma tsakanin wannan aike da na gaba akwai kwanaki masu tsawo, kuma abin da ke cike su ba ya shiga rahoton kowa: ƙwaryar fura da aka miƙa ta kan danga, jakin da aka ara don ɗebo ruwa, tiyar iri da aka auna wa maƙwabci ranar da aka tashi da shuka. Ni a ganina waɗannan ƙananan abubuwa suna cikin manyan ginshiƙan da ke riƙe gidajen Adar, kuma mun daɗe muna raina su.

Darajar ƙaramin alheri tana cikin lokacin da ya zo. Tiyar hatsi a watan Nuwamba, sa'ad da rumbuna ke cike kuma farashi ya faɗi, kyauta ce kawai. Wannan tiyar a watan Yuli ko Agusta wani abu ne daban. A lokacin ne rumbu ke ƙarewa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ga noman fari yana jira. Magidancin da ya wayi gari babu na ɗora tukunya ba shi da zaɓi sai ya bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani, don ya samo abin da za a ci da dare. Kwana uku ko huɗu da ya yi a can, ciyawa ta rufe tasa. Ranar girbi sai ya samu ƙasa da abin da ya kamata, rumbunsa ya ƙare da wuri fiye da na bara, baɗi ya koma barema tun kafin sauran. Wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, ta bayyana irin wannan zagaye a nazarin da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, inda ta nuna cewa talauci kan hana mutum noma gonar kansa. Wanda ya auna wa irin wannan magidanci tiya biyu a makon da ya dace, ko ya tara samari aka yi masa gayya ta yini ɗaya, ya taɓa abin da ya wuce tuwon dare: ya sa hannu a girbin shekarar duka.

Al'ummar da ke zaune a ƙasar da ruwa ba shi da tabbas ta daɗe da gane wannan, har ta tsara shi. Tsakanin 1988 da 1989 masanin tattalin arziki Christopher Udry ya bi diddigin rance a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya. Ya tarar mafi yawan bashin tsakanin dangi da maƙwabta ake yin sa, babu takarda, babu jingina. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake biya: idan masifa ta auka wa wanda ya ci bashin, ta ciwo ko ta gona, sai a sassauta masa, idan kuma mai ba da bashin ne ya shiga matsi, sai a biya shi da sauri har da ƙari. Babu bankin da ke yin haka, domin banki bai san wanda ɗansa ya kwana da zazzaɓi ba, maƙwabci kuwa ya sani. Makiyayan arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, suna da nasu tsarin, habbanaye: a ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya, ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙan da ta haifa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ɗauki wannan al'ada suna raba awaki ga mata a kan ƙa'idarta, har da sunanta.

To, idan amfanin ya kai haka, me ke sa mutane da yawa su janye hannu? Rowa na da nata kaso, amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, wato kunyar kaɗan. Mutum yakan dubi abin da ke hannunsa ya ce wannan bai kai a miƙa wa kowa ba. A 2022 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Amit Kumar da Nicholas Epley, suka fitar da sakamakon gwaje-gwaje kan wannan. A ɗaya daga ciki an ba mutum 84 kofin cakulan mai zafi a wani filin shaƙatawa na Shikago lokacin sanyi, aka ce ko su sha ko su bai wa wanda ba su sani ba. 75 suka bayar. Da aka tambayi ɓangarorin biyu, sai aka ga masu bayarwa sun ƙiyasta farin cikin masu karɓa ƙasa da yadda yake a zahiri. Mai bayarwa abin da ke cikin kofin yake aunawa, mai karɓa kuwa yana auna cewa an tuna da shi. Shikago ba Barmu ba ce, amma matar da mijinta ya yi wata biyar a Abijan babu aike ta san bambancin da ke tsakanin gidan da ake leƙowa a gaisa da gidan da aka manta da shi.

Akwai kuma hujja daga jihar Tawa kanta cewa ko 'yan awoyi da aka sauƙaƙa wa mace suna bayyana a kwanon 'ya'yanta. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa mata tallafin kimanin jaka 22 na sefa a wata, har wata biyar na 2010, a ƙauyuka 96. Wasu sun karɓa hannu da hannu bayan tafiya da jira a layi, wasu ta wayar salula ta tsarin Zap. Kuɗin ɗaya ne. Amma binciken da Jenny Aker ta jagoranta ya nuna cewa a gidajen da suka karɓa ta waya nau'o'in abinci sun ƙaru da kashi 9 zuwa 16 cikin ɗari, yara kuma sun ci abinci fiye da na sauran gidajen, kuma lokacin da matan suka tsira da shi yana cikin dalilan. Maƙwabciyar da ta riƙe wa wata yara don ta je kasuwa, da yaron da ya haɗa jarkar tsohuwa da tasa a amalanke, irin wannan lokacin suke bayarwa.

Mai hankali zai ce: ƙwaryar fura ba ta maganin fari. Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi masa gardama ba. Taimakon juna yana aiki ne idan masifa ta zaɓi gida ɗaya ta bar goma. Idan ta haɗa kowa, hannun da zai miƙa ma babu komai a cikinsa. Dattawan Adar ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakokin Najeriya, aka rasa hatsi a gida aka kuma rasa hanyar nema a waje. Irin wannan shekara aikin hukuma ce, kuma duk shugaban da ya fake da cewa mutanenmu masu zumunci ne don ya kauce wa haƙa rijiya ko cika rumbun tsimi ya ci amana. Sai dai aikin hukuma kansa yakan tsaya a rabin hanya idan babu wanda zai ƙarasa shi. Tun 2006 dokar Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma dokar ba ta ɗaukar yaro daga ƙauye zuwa likita da tsakar dare a watan Satumba, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani kuma jinkirin kwana ɗaya na iya zama ajali. Mai babur ɗin da ya tashi ya kai yaron bai tsaya ciniki ba shi ne ke ƙarasawa. Haka dabarar tassa: wani shiri ne ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako a zuba taki don su riƙe ruwa, amma yaɗuwarta a Adar ta bi ta bakin manomin da ya tsaya ya nuna wa ɗan'uwansa bai ɓoye ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce ta fi damuna. Yawancin abin da muke kira alheri biki ne: ka yi mini yau, in yi maka gobe. Ba laifi ba ne, domin sa ran ramawa shi ke sa tsarin ya ɗore. Matsalar ita ce wanda ba a sa ran zai rama yakan faɗo ta ƙasan ragar: gwauruwar da ba ta da ɗa a cin rani, baƙon da rashin tsaro ya koro daga wajen Tilliya, tsohon da ba ya iya fita gayya. Su ne suka fi bukata, su ne kuma ciyayya ke tsallakewa. Ga kuma gori, wanda ke mayar da kyauta ta zama ƙaya. Akwai matan da suka gwammace su ɗora tukunyar ruwa a wuta don maƙwabta su ga hayaƙi da su karɓi abin da za a yi musu tuni da shi a bakin rijiya. Wannan suka ba ta rushe maganar da muke yi ba, sai dai ta nuna inda gyara yake. Addini bai ɗaura sadaka a kan ramuwa ba, kuma ya yi hani mai tsanani ga bin ta da gori. Iyayenmu sun san hanyar kauce wa wannan: a aiki yaro da kwano bayan magariba, ko a kira abin rance alhali ba za a taɓa tambaya ba, don mai karɓa ya riƙe mutuncinsa.

Ga masu shirin tafiya bana, kafin ku hau mota ku ware tiya biyu ko uku daga rumbu da sunan gidan da ba shi da mai aike, ku bar wa uwargida umarnin ta kai a watan Agusta ba tare da an ji ba. Ku kuma da kuka zauna, ku ƙidaya gidajen unguwarku da ba ku taka ba tun sallar da ta wuce, ku fara da wanda kuka tabbata ba zai iya rama muku ba.