Shafi Ɗaya, Adireshi Biyu

Ɗan kasuwar da ya buɗe shafin intanet mai ƙarewa da .ng, sannan ya kwafe shi kaf zuwa .ne don Nijar, gani yake ya ninka kasuwa, alhali raba ta ya yi. Google na ɗaukar ƙarshen adireshi alamar ƙasar da ake nufi, amma in rubutun iri ɗaya ne sak, yakan nuna ɗaya ya ajiye ɗayan. Wani zai ce ai mutumin Maraɗi ya fi sakin jiki da .ne. Gaskiya ne, to sai shafin ya zama nasa, farashi da sefa, lambar waya ta Nijar. In ba haka ba, a tura ɗayan zuwa babban shafin da turawar dindindin ta 301.