Ran Da Obama Ya Shiga Unguwar Mai Gyaran Famfo

A ƙasar Amurka ɗan takarar shugaban ƙasa ba ya tsayawa ga babban filin taro kaɗai. Wani lokaci yakan sauka daga mota ya shiga unguwa da ƙafa, yana bin gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana roƙon masu gida su jefa masa ƙuri'a. Irin wannan yawo ne ya kai Sanata Barack Obama na jam'iyyar Dimokurat wata unguwa a yankin Holan, cikin Jihar Ohayo, ran Lahadi 12 ga watan Oktoba na 2008, saura kwana 23 a yi zaɓe. Ziyarar gajeruwa ce, amma ta juya rayuwar wani talaka har ƙarshen kwanansa.

Holan ɗan ƙaramin gari ne a yamma da birnin Toledo, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Unguwannin wurin na ma'aikata ne da masu ƙananan sana'o'i, kowa da ɗan gidansa da ɗan fili a ƙofar gida. Ran Lahadi babu abin da ake ji sai hayaniyar yara. Obama kuwa ya sauka kusa da Toledo ne don ya shirya wa muhawara ta ƙarshe da abokin karawarsa, Sanata John McCain na jam'iyyar Rifablikan, shi ne ya ɗan fito don ya gaisa da jama'a.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa aka zaɓi Ohayo. A Amurka ba yawan ƙuri'un ƙasa gaba ɗaya ke ba mutum shugabanci ba. Kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe, jimlarsu 538, wanda ya sami 270 shi ya ci. A 2008 Ohayo tana da wakilai 20, kuma ba a taɓa yin ɗan Rifablikan da ya hau mulki ba tare da ya ci jihar ba. A 2004 Shugaba George Bush ya ci ta da ratar ƙuri'a wajen 118,000 kacal. Ga shi kuma lokacin tattalin arziki ya shiga ruɗani: babban bankin nan Lehman Brothers ya karye ran 15 ga Satumba, majalisa kuma ta amince da dala miliyan dubu 700 don ceto bankuna ran 3 ga Oktoba. Saboda haka maganar kuɗi da haraji ita ce a bakin kowa.

Tambaya ɗaya

Cikin waɗanda ke waje a ranar akwai Samuel Joseph Wurzelbacher, ɗan shekara 34, tsohon sojan sama, wanda ke aikin gyaran famfo a wani ƙaramin kamfani. Yana wasan ƙwallo da ɗansa a ƙofar gida sai ya hangi taro. Ya matsa, ya tari Obama, ya ce masa yana shirin sayen wani kamfani mai samun dala 250,000 zuwa 280,000 a shekara, shin sabon tsarin harajinsa ba zai ƙara masa nauyi ba?

Obama bai kauce ba. Ya tsaya 'yan mintoci yana yi masa bayani, 'yan telebijin na ɗauka. Ya ce duk abin da mutum ya samu ƙasa da dala 250,000 harajinsa ba zai ƙaru ba, abin da ya haura haka ne zai tashi daga kashi 36 zuwa kashi 39 cikin ɗari, kamar yadda yake a zamanin Shugaba Bill Clinton. Daga nan ya ƙara da cewa a ganinsa idan arziki ya bazu cikin jama'a kowa zai amfana, har shi mai gyaran famfo, domin masu kiransa aiki za su sami abin biya. Suka yi musafaha, Obama ya yi gaba.

To, magana zarar bunu ce. Wannan jimla ta bazuwar arziki ita 'yan hamayya suka cafke, suka ce ga shi da bakinsa ya faɗa, zai karɓe na masu gumi ya raba wa wasu, watau gurguzu ke nan. Bayan kwana uku, ran 15 ga Oktoba, aka yi muhawarar a Jami'ar Hofstra ta Jihar Niyok. McCain ya kawo labarin mutumin, ya raɗa masa suna Joe Mai Gyaran Famfo. Kafin a tashi an ambaci sunan fiye da sau 20, miliyoyin mutane suna kallo. Har ya kai ga 'yan takarar biyu suna duban na'urar ɗaukar hoto suna yi wa Joe magana kai tsaye, kamar yana zaune a gabansu.

Kashegari

Gari na wayewa motocin 'yan jarida suka cika unguwar. Cikin kwana ɗaya ko biyu aka tone asirinsa kaf. Aka buga cewa ba shi da lasin aikin famfo na kansa, kuma jiha tana binsa harajin da ya kai kusan dala 1,200. Aka kuma gano abin da yake samu bai ko kusanci dala 250,000 ba, sayen kamfanin buri ne da bai riga ya cika ba. Masana haraji suka lissafa suka ce mai yiwuwa ma ragi zai samu a tsarin Obama. Shi kuwa ya ce shi tambaya kurum ya yi, kuma ai bai zama laifi mutum ya tambayi mai neman ƙuri'arsa ba.

Abin bai tsaya ga 'yan jarida ba. Wasu ma'aikatan gwamnatin Ohayo suka shiga kwamfutocin ofis suna binciken bayanansa. Babban mai binciken ma'aikatan jihar ya duba, ya ce babu hujjar aiki da ta sa a yi haka. Gwamna Ted Strickland ya dakatar da shugabar ma'aikatar ayyuka da kula da iyali, Helen Jones-Kelley, wadda ta ba da izinin binciken, a watan Disamba na 2008 kuma ta ajiye aiki.

Su kuwa 'yan McCain sai suka rungume shi, suka riƙa hawa da shi kan dandamali a tarurrukan Ohayo. Amma duk da haka hakarsu ba ta cimma ruwa ba. Ran 4 ga Nuwamba Obama ya ci Ohayo da fiye da kashi 51 cikin ɗari, ya tashi da wakilai 365, McCain yana da 173.

Bayan an watse

Zaɓe ya wuce, kowa ya kama gabansa, amma sunan bai saki Wurzelbacher ba. Ya shiga yawon jawabai a tarurrukan masu ra'ayin riƙau. A farkon 2009 ya tafi Isra'ila yana aiko wa wata kafa labari. A 2012 ya tsaya takarar Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Rifablikan, 'yar majalisa Marcy Kaptur ta kayar da shi da rata mai yawa. A 2014 ya koma aikin hannu a masana'antar motocin Jeep ta Toledo. Ya mutu ran 27 ga Agusta na 2023 a Jihar Wiskonsin bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 49.

Harajin da aka yi ta jayayya a kansa kuwa, sai a watan Janairu na 2013 aka yi dokarsa, bayan Obama ya sake cin zaɓe. Kashi mafi girma ya koma 39.6 cikin ɗari, amma ya hau kan mai samun fiye da dala 400,000 ne, ko ma'aurata masu fiye da 450,000. Watau ko da Joe ya sayi kamfanin da ya ambata, wannan kashin ba zai taɓa shi ba.

Masu shirya wa 'yan takara irin wannan yawo hoto suke nema, na babban mutum a ƙofar talaka. Shi talakan da ya buɗe baki, da wuya a tuna cewa a nan unguwar zai kwana bayan ayari ya tashi, tare da maƙwabtansa da bashinsa da mai ba shi aiki. Tambayar Joe ta hau hanya, amsar da aka ba shi ma ba ta ruɗu ba ce. Jam'iyyu biyu ne suka mai da ita makami, kuma cikin dukan waɗanda suka tsaya a titin nan ran Lahadin, shi kaɗai aka bi har ɗaka aka buɗe wa takardu.