Hawan keke a Rano da Kibiya

Keke na daga cikin tsofaffin ababen hawa a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano. Manoma na zuwa gona da shi, ɗalibai makaranta, 'yan kasuwa kuma su ɗaure buhun hatsi a kariya ranar cin kasuwa. A da an fi sanin Raleigh, wanda aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin.

Yawaitar babura ta rage masa daraja, amma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar mai ta sa wasu suka koma kansa.

Keke mai giya, wanda aka ƙera domin hawan tudu, yana da taya mai kauri da ke jure yashi da tsakuwar hanyoyin ƙauye, musamman a yankin Rano mai duwatsu. Matsalarsa ita ce gyara. Idan giyar ta lalace, kayanta irin na Shimano sun fi tsada, kuma ba kowane mai gyaran keke ke ajiye su ba. Shi ya sa masu ɗaukar kaya suka fi amincewa da tsohon samfuri marar giya.