GANUWAR KANO: GININ DA ƘETA BAI CI BA, SAKACI NA CI

Baƙon da ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Nasarawa, ba zai yi nisa ba sai ya iske kansa a Ƙofar Kudu, gaban Gidan Rumfa, watau fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a zamanin mulkinsa, daga 1463 zuwa 1499. Har yau ana zaman fada a wannan gida, dogarai suna kaiwa da komowa cikin jajayen riguna, mai shiga gaisuwa kuma yana tuɓe takalmi tun daga soro.

Kusa da nan Gidan Makama yake, wanda shi ma ake danganta gininsa ga Rumfa. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan da suka ci Kano a 1903, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Wanda ya ɗaga kai ya dubi daurin gugar ɗakunansa, zai ga yadda magina suka tanƙwara azara da laka suka yi rufi ba tare da ƙarfe ba.

Idan baƙo ya miƙa gabas zuwa Ƙofar Mata, sai ya tarar da marina zaune a bakin karofi. Baba da toka da ruwa su ne jarinsu, a bar haɗin ya yi kwanaki ya nuna, sannan a riƙa tsoma zane ana ɗagawa iska ta buge shi, har shuɗin ya kama. Daga nan sai wurin mabuga, waɗanda ke dukan turkuɗi a kan gungume har ya yi ƙyallin da Buzaye ke so.

Duk waɗannan wurare sun rayu ne domin al'ada ba ta bar su ba. Haka Dutsen Dala, inda jama'a ke hawa ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi. Haka kuma hawan salla, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024.

Labarin ganuwa dabam ne. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, sarakunan bayansa suka faɗaɗa. A da, in damina ta wuce, aikin gayya ake yi a gyara inda ruwa ya ci, kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofa mai rufewa da dare. Da yaƙi ya ƙare, sai yaɓe ya tsaya. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure shekarun da ba a taɓa shi ba. A yau wani wuri ya zama tudu, wani an ɗebe ƙasarsa an yi tubali, wani an yanka filaye an yi shaguna. Waɗansu ƙofofi an rushe su don faɗaɗa titi, aka mayar da na siminti.

Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO, amma takarda ba ta tare ruwan sama. Ya kamata hukumomi da masarauta su shata iyakar abin da ya rage, su hana gini a kansa, su kuma ɗauki maginan gargajiya su riƙa yaɓe kowace kaka, tun masu sanin aikin ba su ƙare ba.