Bikin Littattafai: Mene Ne Shi, Kuma Yaya Zai Isa Ƙauye?

Bikin littattafai taro ne na 'yan kwanaki da ake haɗa marubuci da mai karanta shi a wuri guda. Marubuci ya karanta wani yanki na littafinsa a bainar jama'a, a yi masa tambayoyi, a yi muhawara, mawaƙa su rera baitocinsu, masu sayar da littattafai kuma su baje haja a gefe. Galibi akan ware safiya don ɗalibai, a koya musu yadda ake tsara gajeren labari ko waƙa. Sauran abubuwan da ake gani, irin su jawabin babban baƙo da rabon lambar yabo, ado ne kawai.

A Arewacin Nijeriya akwai guda biyu da suka yi suna, duka a Kaduna suka fara. Na farko shi ne KABAFEST, wanda marubuciya Lola Shoneyin ta shirya da tallafin gwamnatin jihar a 2017, kuma yawancin zamansa da Turanci ake yi. Na biyu shi ne HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa, wanda Sada Malumfashi ya assasa a 2021 don a bai wa masu rubutu da Hausa dandali nasu na kansu. Dukansu sun yi ƙoƙari. Sai dai taruka ne na birni, a cikin zaure mai kujeru da lasifika, kuma wanda ke cika zauren shi ne ɗan jami'a da ɗan jarida da marubuci ɗan'uwan marubuci. Matar da ke karanta littafi a wani ƙauye na Malumfashi ko Ringim, sau da yawa ko labarin taron ba ya zuwa mata.

Ba dole ba ne biki ya zauna a birni. Ɗaya daga cikin mafi shahara a duniya, wanda aka fara a 1988, a Hay-on-Wye ake yin sa, wani ɗan ƙaramin gari a Wales, kan iyaka da Ingila, wanda mutanensa ba su wuce dubu biyu ba. Marubuta ne ke yin tattaki su je can, a kafa tantuna a fili.

Amma ba sai mun je Birtaniya neman misali ba, domin kai littafi ƙauye tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, aka kuma kafa hukumar NORLA a Zariya don ta samar wa sababbin masu karatu abin da za su karanta. Ta buga ƙananan littattafai masu araha, ta fito da jaridun larduna kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Kafin wannan ma, tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 ƙarƙashin editanta Abubakar Imam, kwafi ɗaya kan wadaci unguwa: mai boko ya zauna a ƙofar gida ya karanta, saura su kasa kunne. NORLA ba ta daɗe ba, an rufe ta a 1959, amma ta nuna cewa mutumin karkara na sayen littafi idan an kai masa da harshensa, a kuɗin da zai iya.

Wani abin da masu shirya biki kan manta shi ne, karkara ba ta rasa masu karatu ba. Wanda takardar ƙidaya za ta kira jahili don bai yi boko ba, wataƙila ya sauke Alƙur'ani a tsangaya, yana rubuta wasiƙa da ajami, ya kuma haddace waƙoƙin wa'azi masu tsawo. Sannan ga littattafan soyayya da na zamantakewa da suka ɓarke a Kano tun daga shekarun 1980, waɗanda aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun shiga lungunan da wani ɗakin karatu na gwamnati bai taɓa shiga ba. 'Yan tebur ne suka kai su, ranar kasuwa, da shagunan haya inda ake biyan 'yan kuɗi kaɗan a ari littafi na kwana ɗaya ko biyu. Za ka ga littafi bangonsa ya yage, an ɗinke shi da zare, gefen shafukan ya yi baƙi da manja da hayaƙin murhu, don ya ratsa gida goma. Yau kuma abin ya koma waya: ana tura labari babi-babi a WhatsApp, ko a zuba wanda aka karanta da murya a memori, mace na tuƙa tuwo tana sauraro.

To idan za a kai biki irin wannan wuri, ba zauren birni za a ɗauko a dasa ba. Lokaci ne farkon abin dubawa. Da damina kowa na gona, babu mai bar maka noma ya zo jin labari. Bayan kaka, amfani ya shigo gida, aljihu da ɗan nauyi, a nan ne lokacin, kuma gara a haɗa shi da ranar kasuwar garin, tunda mutanen ƙauyukan kewaye dama za su shigo. Sai a fara da gaisuwa wurin hakimi ko dagaci da limamin gari, domin taron da bai bi ta ƙofarsu ba, da wuya magidanta su bar iyalinsu su halarta.

Batun mata shi ne inda na fi ganin ana tuntuɓe. Su ne suka fi karanta ƙagaggun labarai, su ne kuma suka fi rubuta su. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta tabbatar da yawansu. Amma matar aure a ƙauye ba za ta zo dandali ta zauna cikin maza ba. Zamanta daban za a shirya, a makarantar Islamiyya ko a wani babban gida, da hantsi bayan an gama aikin safe, marubuciya mace ta jagoranta. In ba haka ba, an yi biki ba amarya.

Karatu da murya ya kamata ya fi jawabi yawa, a kuma bar mutanen gari su ma su kawo nasu: tsohuwa mai tatsuniya, malamin da ke da waƙa a rubuce cikin gafaka, yaron sakandare da ya cika littafin rubutu da labari bai san wa zai nuna wa ba. Marubucin da ya zo daga Kano ko Kaduna zai ji tambayoyin da ba a yi masa a jami'a, irin su me ya sa ya bar kishiya ta ci bulus a ƙarshen labari.

Akwai cikas, ba a ɓoye suke ba. Takarda ta yi tsada har marubuta da yawa sun daina bugawa, sun koma sayar da labari ta waya, don haka mai shirya biki sai ya tanadi kuɗin sayen littattafan da zai bari a garin, a akwati, a hannun malamin makaranta da zai riƙa ba da aro yana rubuta suna. A sassan Zamfara da Katsina da Kaduna kuwa, inda matsalar 'yan bindiga ta hana mutane kwana a gidajensu, abin da zai yiwu a yanzu shi ne a yi taron a hedikwatar ƙaramar hukuma, da rana, a tashi kafin la'asar, a kuma naɗi zaman a bai wa gidan rediyon jiha ya watsa wa waɗanda hanya ta hana zuwa.