Me ya sa RAM biyu ke aiki kamar guda?

Masu shagunan buga takardu a Birnin Konni da Malbaza sukan ƙaro RAM daga Sakkwato, su ɗaura, amma kwamfutar tebur ta ci gaba da jan ƙafa. Sau da yawa laifin na wurin sokawa ne.

Galibin farosesa na da hanyoyi biyu na ɗebo bayanai daga RAM. A allon kwamfuta (motherboard) mai ramuka huɗu, galibi ana soka sandunan RAM a A2 da B2, wato na biyu da na huɗu daga farosesa. In aka jera su kafaɗa da kafaɗa, galibi hanya ɗaya suke bi. Manhajar CPU-Z za ta nuna ko hanya biyu suke bi ko ɗaya.

Girman sandunan da saurinsu su zo ɗaya. In sun bambanta, mai sauri zai bi takun marar sauri. DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, kada a tilasta.

Sai ƙurar hunturu, wadda ta fi ba mu wahala a nan. A cire wuta, a goge haƙoran RAM ɗin da cleaner na fensir, a danna sandar har maƙallai su kama. In rami ɗaya ya ƙi kowace sanda, mai gyara ya duba ko allurar mazaunin farosesa ta lanƙwashe.