Gwajin gano sankara da wuri: me alƙaluma ke nunawa?

A shekara ta 2011, likitoci a Koriya ta Kudu sun gano sankarar tayirod a jikin mutane fiye da dubu 40. Tayirod ita ce 'yar halittar nan da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Yawan waɗanda aka samu da cutar ya ninka na shekara ta 1993 har sau 15, amma masu mutuwa saboda ita ba su ƙaru ba, ba su kuma ragu ba: mutum 300 zuwa 400 a kowace shekara.

Ba annoba ce ta ɓarke ba. A 1999 gwamnatin ƙasar ta fara shirin gwada jama'a domin gano wasu nau'o'in sankara da wuri. Tayirod ba ta cikin shirin, sai dai asibitoci da dama suka riƙa yi wa mutane tayin ɗaukar hoton wuya da na'urar sikanin a kan dala 30 zuwa 50. Da aka yi ta nema, sai aka yi ta samu.

Masana sun daɗe da sanin cewa akwai ƙananan tsiron sankara da ke zaune a jiki har mutum ya tsufa ba tare da sun taɓa damunsa ba. Wani bincike da aka buga a 1985 ya duba gawawwaki 101 a Finland, ya samu irin wannan tsiro a tayirod ɗin fiye da kashi ɗaya bisa uku daga cikinsu. Matsalar ita ce da zarar an gani, da wuya likita ya iya cewa a bar shi. Akasarin 'yan Koriyar an yi musu tiyata, da yawa an cire musu tayirod ɗin baki ɗaya, abin da ke nufin shan magani har ƙarshen rayuwa. Kimanin kashi 2 cikin 100 kuma sun samu shanyewar jijiyar murya.

Tarkon shekaru biyar

Wani adadi da ke yawan ruɗa mai karatu shi ne na waɗanda suka kai shekaru biyar a raye bayan an gano cutar. A 2007, lokacin da yake neman takarar shugabancin Amurka, tsohon magajin garin New York Rudy Giuliani ya ce damar tsira daga sankarar furosteti, wata halitta da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kashi 82 cikin 100 ce a Amurka, amma kashi 44 kacal a Ingila. Alhali yawan mazan da cutar ke kashewa a ƙasashen biyu kusan ɗaya ne.

Misali zai fi bayyana abin. A ɗauka wani mutum sankara za ta yi ajalinsa yana da shekara 70. In sai da ya ji ciwo aka gano ta yana da 67, za a rubuta cewa bai kai shekaru biyar ba. In kuwa gwaji ya gano ta yana da 60, za a sa shi cikin waɗanda suka tsira, duk da cewa ko kwana ɗaya bai ƙaru a rayuwarsa ba. Abin da ya ƙaru shi ne shekarun da ya yi yana sane da cutar. Idan kuma aka haɗa da dubban masu tsiron da ba ya kisa, adadin sai ya ƙara kyau a takarda.

Su kansu likitoci ba su tsira daga wannan tarko ba. A wani bincike da aka buga a 2012 kan likitoci 412 a Amurka, kashi 69 cikin 100 sun ce za su ba da shawarar gwajin da aka nuna musu ya ɗaga adadin masu kai shekaru biyar, amma kashi 23 ne kawai suka amince da wanda aka nuna ya rage mace-mace.

Abin da ya kamata a tambaya

Hujja mai ƙarfi tana fitowa ne daga binciken da aka raba jama'a gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka gwada wasu aka bar wasu, sannan bayan shekaru aka ƙirga waɗanda suka mutu. Ƙuri'ar na da muhimmanci, domin masu kai kansu gwaji galibi sun fi sauran jama'a kula da lafiyarsu tun asali.

Ko a nan ma sai an lura da yadda aka faɗi sakamakon. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai kan gwajin jini na furosteti ya ba da rahoto a 2009 cewa mace-macen sun ragu da kashi 20 cikin 100. Adadin yana da daɗin ji. Amma rahoton ya kuma nuna cewa sai an gayyaci maza 1,410 gwaji, an yi wa ƙarin 48 magani, kafin a hana mutuwar mutum ɗaya, kuma tiyatar na iya barin namiji da yoyon fitsari ko raunin mazakuta.

Wannan ba ya nufin duk gwaji aikin banza ne. Na sankarar bakin mahaifa ya rage mace-mace ƙwarai a ƙasashen da suka rungume shi, shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a gwada kashi 70 cikin 100 na mata. Haka kuma wannan muhawara ta shafi masu lafiya ne da ba su da wata alama. Matar da ta ji ƙullutu a nono, ko mai ganin jini a fitsari, bincikenta ba ya jira. A Najeriya da Nijar, babbar matsalar ma ita ce zuwa asibiti a makare.

A Koriya ta Kudu, wasu likitoci takwas sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Maris na 2014, suna kira da a daina ɗaukar hoton wuyan masu lafiya. Wasu daga cikin abokan aikinsu sun soki kiran da kakkausar murya, amma cikin shekara guda yawan tiyatar ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100.